Sunan da na zaɓa wa ɗiyata ya haɗa ni da dangin mijina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin garin Sakkwato, shekarata 27. Sai da na shekara biyar a ɗakina kafin Allah ya ba ni haihuwa, bayan ɓari biyu. A azumin da ya wuce ina da ciki, ina tilawa sai na zo kan kalmar Tasnim, ta kwanta mini a rai. Na roƙi maigidana in mace aka samu ya sa mata wannan suna, ya amince. Ba mu gaya wa kowa ba, don mun san za a yi surutu.

Allah ya kawo mace. Mahaifin maigidana ya rasu, shi ne babban ɗa, don haka shi ya yi mata huɗuba. Daren suna murna ta ɗebe ni na sa sunan a status na WhatsApp, ashe wata 'yar maƙwabtansu ta nuna wa Hajiya mahaifiyarsa a waya tun shi bai je ya gaya mata ba. Da safe wurin raɗin suna sai da liman ya sa aka maimaita masa sunan sau biyu, maroƙi kuma ya faɗe shi a karkace, aka yi ta dariya. Da yamma Hajiya ta zo taron mata, ko ɗaukar jaririyar ba ta yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wanga suna na, ko sunan maganin mura na? Mu namu sunaye sun tsuhwa ke nan." Ashe duk dangi sun sa rai sunanta za a mayar. Ƙannensa mata yanzu Tasi suke kiran yarinyar, wai motar haya, har a zauren WhatsApp na gidansu.

Ina gidanmu wankan jego, saura kwana shida mu yi arba'in. Jiya ya zo ya ce shi ya gaji, a canja sunan a sa na Hajiya a zauna lafiya. Na ce masa in ya canja, to ya bar ni gidanmu. Ba na barci, kullum kuka nake. Anti, laifi na yi? In yarda a canja ko in tsaya a kan bakana? Ni a ganina rashin wayewa ne kawai ke damun su.

Maijego, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka, ya sa ta zama sanyin idonku ke da mahaifinta. Da barka na fara domin na karanta wasiƙarki tun daga sama har ƙasa ban ga inda kika samu sararin yin murna ba. Mace ta shekara biyar tana jira, ta yi ɓari biyu, ta sha tambayar "har yanzu shiru?" a gidan biki da gidan suna, sannan ranar da ya kamata ta zama tata ta ƙare da dariyar mutane. Dole ya yi miki ciwo, kuma ba zan ce miki ƙaramin abu ne ba.

Tambayarki ta farko mai sauƙin amsa ce. Sunan nan ba shi da aibi ko kaɗan. Tasnim yana cikin Suratul Muɗaffifin, aya ta 27 da ta 28, inda Allah ya ambace shi a matsayin wani marmaro a Aljanna wanda makusantan bayinsa ke sha daga gare shi. Asalin kalmar a Larabci ɗaukaka take nufi, daga tushe ɗaya ta fito da sunan da Larabawa ke kiran tozon raƙumi, wato wurin da ya fi ko'ina tudu a jikinsa. Surar kuwa tana cikin izifin Amma, wanda duk yaron da ya zauna gaban malam da allo ya bi ta kansa. Ke nan in Hajiya ta yi makarantar allo, kamar yadda akasarin iyayenmu na Sakkwato suka yi, bakinta ya furta wannan kalma tun ba a haifi mijinki ba. A matsayin sunan mutum ne kawai ba ta taɓa jin ta ba. Sunayen da Manzon Allah (SAW) ya canja, masu mummunar ma'ana ne ko masu yabon kai. Wata ɗiyar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Barra, wato mai yawan biyayya ga Allah, ya mayar da ita Zainab saboda kada mutum ya tsarkake kansa. Naki bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Baƙuntar suna ita ma ba laifi ba ce. Da Allah ya yi wa Annabi Zakariyya bushara da Yahaya a Suratu Maryam, cewa ya yi bai sanya wa wani wannan suna ba kafin shi. A nan gida ma ba sai mun je nesa ba. Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel wajen 1793 ta rasu a 1864, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada Hassana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu Usmanu ya bar al'adar ya sa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar. Yau ki shiga Mabera ko Runjin Sambo ko Kanwuri ki ƙirga Asma'u nawa ne. Bello da ya cika garin nan har ya zama kamar tambarinmu, ba ma Larabci ba ne, daga Fulatanci ya fito da ma'anar mataimaki. Kowane suna da muke ganin na gado ne, akwai ranar da ya shigo gari yana baƙo.

To amma ƙanwata, in na tsaya a nan na cuce ki, domin ni ban yarda cewa da sunan Hajiya take faɗa ba. Ki koma kan maganar da ta yi a taron suna. Rabin farko, zancen maganin mura, shi ya tsaya miki a rai. Ni rabin ƙarshen na ji: "Mu namu sunaye sun tsuhwa ke nan." Wannan ba maganar mai raina suna ba ce, maganar wadda take jin an ajiye ta gefe ce. Ki sa kanki a matsayinta. Mijinta ya rasu. Babban ɗanta ya yi aure, shekara biyar ita ma tana jira tare da ku, wataƙila tana tashi da dare tana roƙa muku, wataƙila ta sha kare ki a wurin masu cewa ya ƙara aure. Kin san abin da takwara take nufi a wurin iyayenmu. Shaida ce da ɗa ke bayarwa a gaban jama'a cewa uwarsa ta isa, kuma sunanta zai ci gaba da zagayawa a gidan bayan ƙasa ta rufe idonta. Ƙawayenta sun riga sun fara yi mata barka da takwara tun kina da ciki, ina da yaƙinin haka. Sai ga 'yar maƙwabta ta miƙo mata waya.

Nan ne raunin yake. Da ɗanta ya je tun kwana biyu da haihuwa ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ga abin da yarinyar nan ta roƙe ni saboda wahalar da ta sha, ina neman ki sa albarka," da wuya ta ƙi. Ko ta ji babu daɗi, za ta haɗiye, har ita za ta riƙa gaya wa mutane ma'anarsa, domin an ba ta girmanta. Abin da ya faru kuwa, mutanen da ke da lambar wayarki, har da waɗanda ba su san ƙofar gidanku ba, sun riga kakar yarinya jin sunan jikarta. Kun ɓoye don gudun surutu, ɓoyewar ce ta haifi surutun da ya fi wanda kuka guda. Na san ba da niyyar wulaƙanci kika yi ba, murna ce ta ɗebe ki kamar yadda kika faɗa. Amma wanda aka taka wa ƙafa yana jin zafi ko da mai takawar bai gani ba, kuma ana ba shi haƙuri.

Saboda haka ina roƙon ki cire kalmar nan ta rashin wayewa daga bakinki, ki cire ta daga zuciyarki ma. Muddin kina kallonsu a haka, zai fito a fuskarki ranar da kika je gaishe su, ko ba ki ce komai ba. Mutanen da suka sa wa yaro Tanko don ya biyo bayan mata, Kande don ta biyo bayan maza, Gambo don ya biyo tagwaye, Audi don an haife shi bayan rasuwar uba, Ajuji don a ɓoye ta daga mutuwar da ta ɗauke yayyenta, ba mutanen da ba su san darajar suna ba ne. Kowane suna a wurinsu labari ne na abin da gida ya gani. Kuma in kin duba, abin da kika yi ke nan ke ma. Kin sha ƙishirwar haihuwa shekara biyar, kin sa wa ɗiyarki sunan marmaro. Wannan labarin Hajiya za ta fahimce shi sarai in an ba ta shi, sai dai har yau babu wanda ya zauna ya ba ta.

Maigidanki kuma, kasonsa a wannan kuskure ya fi naki. Uwarsa ce, shi ya san halinta, shi ya yi huɗuba, kuma kwana shida yana da su kafin ranar suna bai je ba. Na fahimci nauyin da ya ji, ba kowane ɗa ke iya kallon idon mahaifiyarsa ya ce mata ba sunanta zai sa ba. Amma jinkirin nan nasa ne ya bar ƙofa a buɗe. Yanzu da wuta ta kama yana so ya kashe ta da abin da ya fi kusa da hannunsa, wato a canja suna kowa ya huta. Ban ga mugunta a ciki ba, gajiya na gani, irin ta mutumin da in ya je gidan uwarsa a ɗaure masa fuska, in ya zo wurin matarsa ya tarar da kuka. Sai dai dole in gaya miki gaskiyar hukunci: malamai sun tafi a kan cewa in uba da uwa suka saɓa a kan suna, maganar uba ce ke gaba, domin da sunansa ake danganta yaro. Uwa tana da bakin magana, matar Imrana ce da kanta ta ce ta sa wa ɗiyarta Maryam kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana, amma da ya karɓi zaɓinki kyautatawa ya yi miki. Don haka maganar nan ta "ka bar ni gidanmu", ki janye ta tun yau, kada ki bari ta kwana biyu. Ki kira shi ki ce ɓacin rai ne ya sa kika faɗa. Irin wannan magana in ta isa kunnen dangi sai ta zama wani sabon abin riƙo, a manta da zancen suna a koma cewa kina juya shi. Kuma yarinyar da aka jira shekara biyar ba ta cancanci a ce saboda sunanta iyayenta suka rabu ba.

Ga abin da nake ganin za ku yi, kuma arba'in ɗin nan da ta matso dama ce Allah ya ba ku. Kafin ranar, shi ya je wurin Hajiya shi kaɗai, a lokacin da babu ƙannensa a ɗakin, bayan sallar isha'i ko da hantsi. Kada ya je da hujja ko aya a baki kamar mai zuwa muhawara. Ya je ya ce ya yi kuskure da bai zo ya shawarce ta ba, laifinsa ne, ta yafe masa. Kada ya ce "ita ce ta matsa", domin in ya jingina miki laifin ya sayi zaman lafiyar kwana ɗaya da rigimar shekara goma. In ta huce ta yi masa faɗan da za ta yi, sannan ya ba ta labarin azumin nan da inda sunan ya fito. In akwai wani baffansa ko kawunsa da Hajiya ke jin nauyinsa, ko malamin da take zuwa karatu wurinsa, ba laifi a sa shi a ciki, amma bayan ɗanta ya fara zuwa da kansa.

Ranar yawon arba'in kuma, ƙofar Hajiya za ki fara takawa kafin ta kowa, ko da gidan goggonki ya fi kusa. Ki tafi da wata babba daga danginku, yayar mahaifiyarki ko matar baffanki. Ki riƙa mata abin da ya sawwaƙa, turmin atamfa, ɗan goro, turare. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ɗora mata yarinyar a cinya ba tare da jiran ta miƙo hannu ba, ki ce, "Hajiya, ga kishiyarki na kawo miki. Na yi kuskure da kika ji sunanta a waya, ƙuruciya ce, ki yafe mini. Ki sa mata sunan da za ki riƙa kiranta da shi." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan uwa ce. Ba na ce take za ta washe baki ba, tana iya kawar da kai ta ce ba komai alhali akwai. Ki bar ta. Jaririya mai kwana arba'in a cinyar kakarta tana yin aikin da bakinki ba zai iya ba. Kuma duk laƙabin da ta zaɓa, ko Inno ne, ko Nana, ko sunan ranar da aka haife ta, ki karɓa da hannu biyu, ki riƙa kiran yarinyar da shi in kina gidansu. Kusan kowane Bahaushe da suna biyu ya tashi, na yanka da na gida, ba a taɓa jin ya rikita wani ba. Af, ki kuma sani cewa tsakanin kaka da jika akwai wasa. Nan gaba in kin ji Hajiya na tsokanar sunan tana dariya, tana cewa kishiyarta mai sunan magani, kada ki ɗauka faɗan ne ya dawo. Sau da yawa alamar an shirya ke nan.

Akwai hanya ta biyu, kuma ba na so ki rufe kunnenki daga gare ta. Gidaje da yawa a garin nan juya abin suke yi. Sunan yanka na kaka ne, amma tunda surukai da 'ya'ya ba sa iya kama sunan saboda kunya, sai a yi wa yarinya alkunya, kuma alkunyar ce ke bin ta har makaranta har gidan miji. Da yawa daga cikin 'yan matan da kike ji ana kira Humaira ko Walida ko Iman ko Afnan, in kin bincika A'ishatu ne da Hadiza da Hauwa'u a ranar suna. Ke nan ko da an mayar da sunan Hajiya, ke ba za ki iya kiran yarinyar da shi ba, mahaifinta ma haka, ƙannensa ma haka. Tasnim ɗin dai za a koma. Canja suna kuma ba ya bukatar sabon rago, domin Annabi (SAW) ya canja wa mutane sunaye bai umarce su da sake yanka ba, kuna iya tabbatar da wannan wurin malamin unguwarku. Abin da za ki rasa a wannan hanya kaɗan ne ƙwarai in kin auna.

In kin tambaye ni wacce na fi so, ta farkon na fi so. An yi huɗuba, an yanka rago, an shaida wa jama'a, sunan kuma mai kyau ne. In aka canja shi yanzu cikin fushi da dariyar ƙannen miji, ke za ki riƙe abin a zuci ki riƙa ganin an ƙwace miki, Hajiya kuma za ta san takwarar dole aka yi mata, ba za ta ji daɗinta ba. Takwara kyauta ce, daɗinta a ba da ita da zuciya ɗaya. Amma in maigidanki ya je ya dawo, ya natsu, ya ce shi har ransa yana son ya girmama mahaifiyarsa da wannan, to ki ce masa kin yarda, kuma ki nemi a gaya wa Hajiya cewa da yardarki aka yi. Abu ɗaya da ba na so ku yi shi ne ku ɗauki alkawarin cewa ta gaba sunanta ce don a rufe bakin magana. Ku da kuka ga yadda haihuwa take a hannun Allah kun fi kowa sanin ba a alkawari a kanta. In ya kawo wata, sai ku yi abin da ya dace a lokacin.

Su kuma ƙannen mijinki, abin da suke yi ba daidai ba ne, kuma ba zan nema musu uzuri ba. Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙubba a Suratul Hujurat aya ta 11, balle a ce jaririyar da ba ta san komai ba, balle kuma kalmar da ake karkatarwa ta Alƙur'ani ce. Amma ba ke za ki gaya musu ba, kuma ba a zauren WhatsApp ba. Duk abin da kika rubuta a can za a ɗauki hotonsa a ajiye. Yayansu ne zai kira babbar cikinsu ya ce mata ɗiyarsa ce, ba ya so, a daina. Ina kyautata zaton suna yi ne don taya uwarsu fushi, ranar da suka ga Hajiya ta goya yarinyar za su bari da kansu. Sauran mutane kuwa, masu tambaya a asibiti wurin rigakafi ko a gidan biki, amsa ɗaya ta ishe ki: "Sunan wani marmaro ne a Aljanna, yana cikin Wailul lil muɗaffifina." Ki faɗa da fara'a ki yi shiru. Yawancinsu cewa za su yi masha Allah.

Sai dai ki bambance mai izgili da wanda harshensa ne bai saba ba. Liman da ya nemi a maimaita masa, so yake ya faɗa daidai. Tsohuwar da za ta ce Tasinimu ba raina ki ta yi ba, haka bakin Bahaushe yake yi wa kowane suna in zai karɓe shi. Shi ya mayar da Khadija Hadiza da Dije, Maryam ta zama Mairo, Abdullahi ya zama Audu, a nan ƙasar Sakkwato Yusuf ya zama Isuhu, Jibrilu ya zama Jibo. In kika tsaya gyara wa kowace tsohuwa furuci, za ki gaji, kuma za a ce kina da girman kai.

Tunda na san masu ciki da yawa za su karanta wannan, bari in ɗan ratse. Ke kin yi sa'a, a cikin Mus'hafi kika tsinci naki kuma ma'anarsa ta yi kyau. Da yawa yanzu daga intanet suke ɗauka, ko daga finafinan Indiya da na Turkiyya, a ga an rubuta wai sunan wata fure ce a Aljanna, alhali in an kai wa masanin Larabci sai ya ce bai san kalmar ba. Wasu kuma suna ganin duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta isa suna, sun manta a cikinsa akwai sunayen wuta da na azaba da na Fir'auna. Hausawa sun ce suna linzami ne. Sa'idu ɗan Musayyib ya ba da labarin kakansa mai suna Hazn, wato mai tsauri, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya zama Sahl, mai sauƙi, ya ce ba zai canja sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsaurin nan bai gushe a cikinsu ba bayan haka. Garin nan cike yake da malaman Larabci, daga zaurukan cikin gari har Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tambaya ba ta cin minti biyar. Kuma mai zaɓen suna ya tuna ba jariri kaɗai yake sa wa ba. Ya kira sunan da ƙarfi kamar yana kiran yaro daga ƙofar gida, ya sa Hajiya ko Malam a gabansa ya ji ko zai dace da mai shekara 60, domin mai sunan ne zai ɗauke shi, ba iyayen ba.

Wani abu da bai zo a wasiƙarki ba amma zai iya damun yarinyar nan fiye da dariyar gwaggwanninta, shi ne rubutu. Sunan nan ana rubuta shi Tasnim, ana rubuta shi Tasneem, wani ma'aikacin ma zai ƙara masa wasali a ƙarshe yadda ya ji a kunnensa. Ku tsayar da rubutu ɗaya ke da mahaifinta, ku rubuta a takarda ku miƙa da hannunku duk inda za a yi mata rajista, tun daga katin asibiti da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa har lambar NIN da rajistar makaranta. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardu sai an yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu da neman gyara. In ba ku karɓi takardar haihuwar ba tukuna, ku dakata har ku gama da Hajiya, don abin da aka rubuta ya zama shi ne na ƙarshe. In kun so ma kuna iya haɗa biyun a takarda, sunan Hajiya da Tasnim a jere, mutane da yawa suna yin haka.

Na bar maganar jikinki a ƙarshe ne don kada ta ɓace a tsakiya. Kin ce ba kya barci, kullum kuka. Wani ɓangaren na wannan rigima ne, amma jego da kansa yana zuwa da nauyin zuciya. Ga mata da yawa yana wucewa cikin mako biyu da haihuwa, ke kuwa kin doshi arba'in. Ki gaya wa mahaifiyarki yadda kike ji, ki bar mata yarinyar ki samu barcin rana, ki ci abinci, ki sha kununki, ki ajiye wayar nan ko na kwana uku ne. In an sasanta da Hajiya amma kukan bai tsaya ba, ko kika ji ba kya sha'awar komai, ko wasu tunane-tunane masu ban tsoro suna zo miki, ki faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya ranar da kika kai ta rigakafin mako shida. Ciwo ne da aka sani kuma ana maganinsa, ba raunin imani ba ne.

Yau dai ki fara da kiran maigidanki. In ya zo ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa, sashen da ya shafe shi da wanda ya shafe ki, ku tsayar da ranar da zai je wurin Hajiya kafin kwana shidan nan su cika. Ki shafa mini kan Tasnim, kuma in kun dawo daga yawon arba'in ki rubuto mini sunan da kakarta ta sa mata.